Gyaran Dokar Shige da Fice: A Tuna da Iyakar Arewa

A cikin shekarun nan da wuya shekara ta zagayo ba a ji Gwamnatin Tarayya ko Majalisar Dokoki ta taɓa maganar shige da fice ba. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Shige da Fice, wadda ta soke ta 1963 bayan ta yi shekara 52 tana aiki. A 2017 aka fitar da ƙa'idodin zartar da ita. A watan Fabrairu na 2020 aka ƙaddamar da sabon tsarin biza, aka faɗaɗa ire-irenta daga 6 zuwa 79, a watan Mayu na 2025 kuwa aka mai da nemanta ta intanet. Har wa yau a 2025 ɗin Majalisar Wakilai ta yi karatu na biyu ga wani shirin doka wanda zai buɗe wa baƙo mai zuba dukiya hanyar zama ɗan ƙasa, kuma Janar Christopher Musa, wanda ke Babban Hafsan Tsaro a lokacin, ya kawo shawara a kewaye iyakokin ƙasar nan da shinge.

Duk wannan aiki ne, ba mu raina shi ba. Amma wanda ya zauna ya dubi waɗannan gyare-gyare da idon basira zai ga cewa baƙon da masu tsara su su ke hange shi ne mai saukowa daga jirgin sama a Ikko ko Abuja, fasfo a hannu, wasiƙar kamfani a jaka. To, mu a Kano baƙon da mu ke gani kullum wani ne dabam. Shi ne Buzun da ke gadi a ƙofar shago, da ɗan cin rani daga Damagaram mai tura ruwa a kura, da tsohuwar da ta zo daga Maraɗi bikin jikarta, da falken da ya koro shanu daga Tanut. Yawansu ya ninka na masu jirgin sama nesa ba kusa ba, amma doka ba ta yi musu wurin zama na sosai ba. Ra'ayinmu shi ne duk gyaran da bai fara da su ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Bari mu fara da ita iyakar. Tsawonta tsakaninmu da Nijar ya kai wajen kilomita 1,500, tun daga ƙasar Kabi har Tafkin Cadi. In ban da Kogin Yobe can gabas, babu wani ruwa ko dutse da ya raba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kan takarda: a 1890 suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa, suka sake shi a 1898, suka kuma sake a 1904 da 1906, gama Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suka kafa alamu 148, waɗanda mutanen karkara ke kira tangaraho. Layin ya ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, alhali kuwa Maraɗi Katsinawa ne suka kafa mulkinta bayan jihadi, har yau ma Sarkin Katsina a ke ce wa sarkinta. Ya raba Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri. Ya bar Illela a nan, Ƙwanni a can, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi kafin shayi ya huce. Ba mu kawo wannan don mu ce a tumɓuke tangaraho ba. Iyaka ta zauna, ƙasashe biyu ne masu mulkin kansu, kowace da tutarta. Mun kawo shi ne don mai rubuta doka ya san irin ƙasar da ya ke rubuta wa.

Wani zai ce ina ruwan Kano, tun da Jihar Kano ba ta taɓa iyaka tun 1991 da aka fitar da Jigawa, Maigatari ta bi ƙasar Gumel ta tafi? Amsa tana kasuwa. Hatsin da ke fita daga Dawanau da yadin da ke fita daga Kantin Kwari, babban rabo daga cikinsu arewa ya ke nufa. Dabbobin da a ke saye ran Alhamis a Maigatari, da wake da kanwa da dabino, kudu su ke yowa, Kano ce zangonsu. Gwamnati da kanta ta shaida haka, shi ya sa a 2021 ta aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, a 2023 kuma ta buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala.

Amsa ta biyu tana cikin birni, a sunayen unguwanni. Wanda ya taka daga Kasuwar Kurmi ya zaga zai wuce Agadasawa, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarbawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, da Sharifai. Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Shaihu Maghili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuwa ya kafa Kurmi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu daga wajen Azbin ne, kuma daga cikin Agalawa Alhasan Ɗantata ya fito. Da za a ɗauki dokar yau a koma da ita baya, da rabin birni sai an tambaye shi biza.

Sai dai kada a ɗauka Kano ta dā gari ne sakaka, kowa ya ga dama ya faɗo. Ko kusa. Akwai ganuwa, akwai ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta, in dare ya yi a rufe. Ayarin raƙuma in ya iso ya kan sauka a Fage, bayan ganuwa. Abin da ya fi ganuwar ma aiki shi ne fatoma. Kowane falke yana da maigidan da ya ke sauka wurinsa, shi ke ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi, in kuwa baƙon ya yi ɓarna maigidan a ke nema. Mai unguwa ya san wanda ya kwana a unguwarsa. Watau dabarar magabata ita ce a bar hanya a buɗe, amma kowane baƙo da mai amsa sunansa. A zamanin En'e abin ya koma kan takarda. Dattawan malaman ofis za su tuna littafin haraji, inda a ke rubuta kowane magidanci ƙauye ƙauye, unguwa unguwa, kuma takardar haraji ita ce shaidar matafiyi a ko'ina ya sauka. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, talaka ya sauke kaya mai nauyi, babu mai hankalin da zai ce a komo da su. Amma da haraji ya tafi, ƙidayar ta bi shi, ba a kuwa kawo wani abu a madadinta ba. Wannan giɓi ne har yau ba a cike ba.

Maimakon a cike shi, abin da mu ka fi gani shi ne rufe iyaka gaba ɗaya. Sau uku a ka yi cikin shekara 40. Na fari a watan Afrilu na 1984, lokacin canjin kuɗi na mulkin Janar Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Abin ya zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar su ka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. Na biyu a watan Agusta na 2019, don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba na 2020, amma Jibiya da Kamba sai Afrilu na 2022. A tsakiyar haka, cikin Nuwamba na 2019, a ka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, watau a ka hukunta 'yan ƙasa sabo da inda Allah ya ajiye garinsu. Na uku bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, bisa shawarar ƙungiyar ECOWAS, a ka rufe hanya a ka yanke wutar lantarki, sai Maris na 2024 a ka buɗe.

Gaskiya ɗaya ce, injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano a wancan lokaci, manoma kuma sun sami kasuwa. Wannan mun yarda. Amma kowa ya san shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta sake, ta bar kwalta ta koma daji a bayan babura. Ɗan kasuwa mai biyan kuɗin kwastan shi ya zauna gida, mai fasa-ƙwauri kuwa ladansa ya hau. Abin da ya fi damunmu shi ne, a duk rufewar nan uku babu wadda ta fito daga dokar da Majalisa ta zauna ta yi muhawara a kai. Ta farko ta soja ce, ba a tambayar soja. Amma biyun baya an yi su ne Majalisa na zaune, ga shi kuwa Tsarin Mulki na 1999 ya sa shige da fice da fasfo da biza cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Abin da ya shafi abincin miliyoyin mutane bai kamata a ji shi a rediyo da safe kamar labarin ruwan sama ba. Lalle Gwamnati na bukatar ikon rufe iyaka nan take in yaƙi ko annoba ta taso. Amma a rubuta wa ikon nan wa'adi, in ya cika a komo Majalisa a faɗi dalili, a faɗi abin da a ka samu, kana a ƙara ko a buɗe.

Ɗan'uwan rufewa shi ne kora, shi ma mun ɗanɗana shi ta fuska biyu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da yawa, har da waɗanda a Kumasi a ka haife su, su ka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka su ka yo gida. A watan Janairu na 1983 mu ma mu ka yi irin wannan, an ƙiyasta waɗanda su ka fita sun kai wajen miliyan 2, Ganawa su ne mafi yawa, amma akwai mutanen Nijar da Cadi masu ɗimbin yawa. Kafin wannan ma, a Janairu na 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, a ka kai shi Cadi a ka ajiye, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce korar haram ce, ya komo. To, in ɗan Majalisa mai lauyoyi ya kwana a wata ƙasa sabo da gardamar inda a ka haifi ubansa, ina ga mai sayar da rake wanda ba shi da ko takarda ɗaya? Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya hana a kori ɗan ƙasa, amma sai an san ɗan ƙasar tukuna.

Masu son a tsananta suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba, mutanen Kano ma sun fi kowa saninta. Muhammadu Marwa, wanda a ka fi sani da Maitatsine, daga Kamaru ya zo. An kore shi a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya komo ya kafa sansani a 'Yan Awaki, a Disamba na 1980 kuma fiye da mutum 4,000 su ka hallaka. Tun faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 makamai ke kwararowa kudu, ga 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina, ga Lakurawa a Sakkwato da Kabi. Akwai kuma masu safarar mutane. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, wadda ke nan dab da Daura, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Dokar 2015 ta yi daidai da ta sa hukunci a kan masu wannan sana'a. Amma a duba labarin Maitatsine da kyau. Yawancin mabiyansa 'yan ƙasar nan ne, kuma shekaru ya yi yana gini a tsakiyar gari, jama'a na kuka, hukuma na kallo. Ba a kan iyaka a ka yi sakaci da shi ba, a cikin unguwa ne.

Game da shinge kuwa, hukumomi da bakinsu sun sha faɗa cewa mashigai na halal 84 ne, ɓarayin hanyoyi sun haura 1,400. Kafin a sayi waya ta kilomita 1,500, muna roƙon masu shawarar su zo su zaga badalar Kano, su ga abin da ya rage na ganuwar da ke tsakiyar gari a gaban idon kowa. Wanda bai iya tsare wannan ba, da wuya ya tsare waya a dajin Barno. Shingen ma zai bi ta tsakiyar gonaki da burtalin shanu da hanyar maƙabarta.

Abin da mu ke gani ya fi shi ne a komo da dabarar fatoma cikin rigar zamani. A sa wa doka babi na musamman a kan mazauna bakin iyaka, a ba su kati mai hoto, mai araha, wanda za a karɓa a ƙaramar hukuma ba sai an je babban birnin jiha ba, mutum ya je kasuwa ko jana'iza ko gona da shi ya komo. Wanda zai wuce ciki ya zauna, kamar ɗan cin rani, a rubuta shi a wurin mai unguwa tare da sunan mai masaukinsa, kyauta, a cikin littafin da jami'in shige da fice zai riƙa dubawa. Mun ce kyauta da gangan, gama ran da a ka sa wa rajista kuɗi, ran nan baƙo zai fara ɓuya. An gwada rajistar baƙi ta kwamfuta a 2019, amma ofis a ka ce baƙo ya je, mai tura ruwa kuwa ba ya barin kurarsa ya tafi ofis. Ga Makarantar Horon Ma'aikatan Shige da Fice nan a Kano, babu inda ya fi dacewa a fara gwajin.

Maganar ta zama ta gaggawa sabo da wani dalili. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. A ranar 29 ga Janairu 2025 fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta ba da sanarwa a ci gaba da karɓar takardunsu da barin mutanensu su yi zirga-zirga har sai an ji wani bayani. Watau haƙƙin da ya ke a rubuce cikin yarjejeniya ya koma alfarma, alfarma kuwa wanda ya ba da ita ya kan janye. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, mazauninta a Yamai. Ta nan ya kamata a ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye, Majalisa ta mai da ita doka, don kada zumuncin Katsina da Maraɗi ya rataya a kan ko shugabanni na ga-maciji. Tun da ana gyaran Tsarin Mulki kuma, a sake duba sashe na 26, wanda ya ba matar ɗan Nijeriya baƙuwa damar zama 'yar ƙasa amma bai ba mijin 'yar Nijeriya ba. Majalisa ta ƙi wannan gyara a Maris na 2022. A bakin iyaka aure ta kowace fuska a ke yinsa, kuma mai kuɗin da a ke shirin buɗe wa ƙofa bai fi surukin gida kusa ba.

Saura ku, malaman ofis na ƙananan hukumomi da na masarautu, da malaman makaranta, gama rabin aikin nan a teburinku ya ke. Sashe na 25 ya rataya zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan iyaye da kakanni. Da me a ke tabbatar da wannan? Da takardar haihuwa, da takardar shaidar asali wadda ke bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin ta iso gare ku. Lambar nan ta NIN ba ta raba gardama, don baƙo mai izinin zama ma ana ba shi. Sabo da haka babbar ƙofar ƙasar nan ba Maigatari ba ce, hatimin da ke cikin aljihun teburinku ne. Malamin da ya buga shi don an miƙa masa na goro ya buɗe abin da soja dubu ba su iya rufewa. Wanda kuma ya hana ɗan asalin gari takardarsa don fatarsa ja ce, ko don kakansa Ba'agale ne, ya yi irin abin da a ka yi wa Shugaba Darman, sai dai nasa babu kotun da za ta ji.

Malamin makaranta shi ma yana da littafi, watau rajistar ɗaukar yara, wadda sau da yawa ita ce takarda ta farko da sunan yaro ya taɓa shiga. Ɗan maƙwabci in ya zo a ɗauke shi, dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kowane yaro ta ce. Amma a rubuta gaskiya, garin haihuwa da shekara da sunan uba, kada a gyara don a taimaka masa, gama bayan shekara 20 wannan layi ɗaya zai zama hujja a gaban alƙali.

Muna kira ga wakilan Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato a Majalisun biyu, in an tashi jin ra'ayin jama'a a kan kowane shirin doka na shige da fice, kada a tsaya a ɗakin taro na otal. A kai zaman Maigatari ran kasuwa, a kai shi Jibiya da Illela, a zo Kurmi da Dawanau a ji daga bakin fatake da dillalai da masu unguwanni, a kuma yi shi da Hausa. Kafin ranar, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta buga Dokar 2015 da ƙa'idodin 2017 da Hausa, boko da ajami, ta aika wa kowane hakimi da kowane shugaban makaranta, don waɗanda za a tambaya su san abin da a ke shirin gyarawa.